Bayan Windows 10: yadda ƙaramar ma'aikata za ta koma Linux ba tare da aiki ya tsaya ba

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko da gyare-gyaren tsaro na kyauta ga Windows 10. Kwamfutocin ba su mutu ba, suna tashi kamar kullum. Sai dai duk wata ɓaraka da ɓarayin intanet suka gano daga wannan rana, ba mai toshe ta a kwamfutocin ma'aikatu sai ga wanda ya biya: dalar Amurka 61 kowace kwamfuta a shekarar farko ga ma'aikatu, wato sama da jika 30 na sefa, kuma kuɗin yana ninkawa kowace shekara. Windows 11 kuwa ba ta yarda da tsofaffin kwamfutoci, alhali galibin waɗanda ke cikin ƙananan ma'aikatu da ƙungiyoyi a Maradi, Damagaram ko Tawa na hannu ne.

Akwai hanya ta uku: manhajojin da Faransawa ke kira logiciels libres, waɗanda kowa ke da izinin amfani da su, ya kwafa, ya duba yadda aka gina su, ba tare da sayen lasisi ba. Linux na maye gurbin Windows, LibreOffice na maye gurbin Word da Excel, Thunderbird kuma na maye gurbin Outlook.

Abin koyi a nan jandarmomin Faransa ne, saboda jerin da suka bi. A 2005 suka fara da OpenOffice, a 2006 suka ɗauki Firefox da Thunderbird, duk a kan Windows. Sai a 2008 suka fara sauya Windows ɗin kanta da Ubuntu. Ranar da Linux ta iso, jandarman da ke gaban tebur ya riga ya saba da manhajojin da yake buɗewa kullum, abin da ya sauya masa kaɗan ne. Yau kwamfutocinsu sama da 100.000 ne ke aiki da wannan tsari. Birnin Munik na Jamus ya kai kusan kwamfutoci 15.000 a kan Linux, amma a 2017 majalisar birnin ta yanke shawarar komawa Windows. Cikin abin da aka yi ta kuka da shi har da wahalar musayar takardu da sauran ma'aikatu.

Ma'aikata mai kwamfuta biyar ko goma ita ma takardun ne za su fi ba ta aiki. LibreOffice na buɗe fayil ɗin Word da Excel, tana kuma iya ajiye aiki a cikin tsarinsu. Amma wasiƙar da ta cika shafi ɗaya a Word tana iya zubowa shafi na biyu, kuma sau da yawa laifin siffar haruffa ne: Calibri da Cambria na Microsoft ne, babu su a Linux. Maganin mai sauƙi ne. A saka Carlito da Caladea, waɗanda aka ƙera da faɗin haruffa iri ɗaya. Takardar da ba gyara za a yi mata ba, a aika ta a PDF. Inda gizo ke saƙa shi ne teburan Excel masu makro, irin waɗanda masu ba da tallafi ke aiko wa ƙungiyoyi don rahoton kuɗi. Waɗannan sai an gwada su ɗaya bayan ɗaya, wasu kuma ba za su yi aiki ba. Haka ma manhajar lissafi ta Sage da ake girkawa a kwamfuta, don Windows aka yi ta. Babu abin kunya a bar wa mai lissafin kuɗi kwamfuta ɗaya a kan Windows 11 mai lasisi.

Batun imel ya fi buƙatar hattara, don a nan ne ake asarar abin da ba ya dawowa. Da farko a duba yadda Outlook ke karɓar saƙonni. In ta hanyar IMAP ne, saƙonnin na zaune a wurin kamfanin da ke riƙe da akwatin, Thunderbird za ta same su da zarar an ba ta adireshi da kalmar sirri. In ta hanyar POP ne, mai yiwuwa wasiƙun shekaru suna cikin fayil guda mai suna PST a kan kwamfutar sakatare kaɗai. Wanda ya goge Windows kafin ya kwashe su, ya goge tarihin ma'aikatar. A kwafi fayil ɗin a wuri biyu, a tura saƙonnin zuwa akwatin IMAP tun Outlook na aiki, a fitar da adireshin mutane da kalanda daban. Ko jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, da ta gama kwashe akwatuna sama da 40.000 daga Microsoft a Oktoba 2025, sai da ma'aikatanta suka sha fama da tangarɗa a hanya.

Wani mai gyara zai ce a girka sabar imel a cikin ma'aikatar. Shawara ce mai daɗin ji, amma ba ta dace da mu ba. Saba na son wuta da intanet dare da rana, ga zafin Afrilu da ɗaukewar lantarki. Bugu da ƙari Gmail da Outlook kan jefa saƙon sabar da ba su sani ba cikin kwandon shara. Gara a biya kamfanin da wannan ce sana'arsa, a riƙe adireshi da sunan ma'aikatar.

Linux ɗin kanta ba sai an yi dogon zaɓe ba. Linux Mint ta fi kama da Windows a ido, tana da Faransanci, kuma nau'inta na Xfce ba ya nauyi ga tsohuwar kwamfuta. Ana iya tayar da ita daga kile USB ba tare da taɓa abin da ke ciki ba. A nan ne ake gwada wifi, na'urar buga takardu da sikana. Na HP da Brother galibi suna aiki nan take, wasu tsofaffin Canon kuwa sai an sha wuya.

Kuɗin lasisi ne ake tsira da shi, sauran kuɗi na nan. Za a biya mai girkawa, za a ba ma'aikata kwanaki su saba, kuma masu gyaran da suka iya Linux ba su kai na Windows yawa ba, musamman a wajen Yamai. Kafin a taɓa kwamfuta ta farko, shugaban ma'aikata ya san sunan wanda zai kira ran da na'urar bugawa ta ƙi aiki ana gobe za a miƙa rahoto, ya kuma san nawa ne kuɗin zuwansa.