Wutar da ta tsaga sama a Haɗeja, da yadda ake gane irinta a Kwatano

Ranar 21 ga watan Yulin 2002, wajen ƙarfe 7:30 na yamma, tsakanin magariba da isha'i, mutanen Haɗeja da ke jihar Jigawa a Najeriya suka ga wata dunƙulalliyar wuta ta tsaga sama daga kudu ta nufi arewa. Bayan 'yan mintoci sai aka ji ƙara mai ƙarfi har sau biyu. Daga baya aka tsinci duwatsu masu baƙin ɓawo a ƙauyuka biyar na yankin, nauyinsu gaba ɗaya ya kai kilo 19. Masana suka raɗa musu sunan ɗaya daga cikin ƙauyukan, wato Kilabo, kuma da wannan sunan aka san su a duniya har yau.

Hausawa kan ce tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba. A da, labarin irin wannan haske bai cika wuce majalisar ƙofar gida ba. Yanzu kuwa kafin wuta ta mutu a sama bidiyonta ya shiga WhatsApp. Mazauna Zongon Kwatano, masu 'yan'uwa da abokan ciniki a Malanville, Gaya, Maraɗi da Kano, sukan karɓi irin wannan bidiyo haɗe da fassararsa: wani ya ce jirgi maras matuƙi ne, wani ya ce makami ne aka harbo, wani ya ce alama ce ta wata masifa. A lokacin da ake fama da matsalar tsaro a arewacin Benin da maƙwabtanta, irin wannan jita-jita tana iya tayar da hankalin iyalai, ta sa ɗan kasuwa ya fasa tafiya. Alhali mafi yawan waɗannan fitilu ana iya gane su idan aka lura da abu uku: tsawon lokacin da suka ɗauka, yadda suka yi tafiya, da ko an ji ƙara.

Abin da shaidun Haɗeja suka riƙe

Duwatsu da ɓarɓashi masu yawa suna kewaya rana kamar yadda duniya take kewaya ta. Idan ɗaya ya faɗo cikin iskar da ta lulluɓe duniya, yakan shigo da gudun kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa guda. Wannan gudu ne ke matse iskar da ke gabansa har ta yi zafi, dutsen ya soma narkewa yana haske, yawanci a nisan kilomita 80 zuwa 120 daga ƙasa. Galibinsu ba su wuce ƙwayar gero ba, kuma a can sama suke ƙonewa ƙurmus. Su ne ake kira étoile filante da Faransanci. Wanda ya yi girma har ya tsira ya iso ƙasa, shi ne météorite.

Jinkirin da aka samu tsakanin haske da ƙara a Haɗeja babbar shaida ce. Haske yana isowa ido nan take, amma sauti yana buƙatar kusan daƙiƙa uku kafin ya ci kilomita ɗaya, kamar yadda ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa. Idan ƙarar ta makara da minti biyu, to abin ya fashe a nisan kusan kilomita 40. Shi ya sa wanda ya rantse cewa wutar ta faɗa bayan gidan maƙwabcinsa yakan yi kuskure: mutanen wani gari mai nisa ma haka suka gani.

Da aka auna duwatsun Kilabo, an gano cewa irin waɗanda ake kira chondrite ne, masu shekaru kusan biliyan huɗu da rabi, wato tun zamanin da rana da duniyoyinta ke haɗuwa. Ƙurar da kumbon Hayabusa na Japan ya kwaso daga wani dutsen sararin samaniya mai suna Itokawa, ya dawo da ita a 2010, daga wannan dangi take.

Tsawon lokaci shi ne mabuɗi

Hasken da ya wulga ya ɓace cikin daƙiƙa ɗaya zuwa goma, dutse ne ko ɓarɓashi. Akan ga irinsa da yawa a daren 12 zuwa 13 ga Agusta, da na 13 zuwa 14 ga Disamba na kowace shekara, lokacin da duniya ke ratsa inda ɓarɓashin ya yi yawa.

Wanda ya tafi a hankali na rabin minti ko fiye, yana rarrabuwa gutsi-gutsi duk suna bin hanya guda, ya fi kama da tarkacen roka ko tsohon tauraron ɗan'adam da ke dawowa. Wannan ya taɓa faruwa a yankinmu. A ranar 11 ga Mayun 2020, wasu ƙarafa sun faɗo a ƙauyukan yankin Bocanda na Côte d'Ivoire, kuma masana sun danganta su da rokar Long March 5B ta China.

Ɗigon haske fari wanda ba ya ƙyaftawa, ba ya ƙara, yana ratsa sama cikin minti uku zuwa shida, tauraron ɗan'adam ne. Mafi haske a cikinsu ita ce tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai tafiya a nisan kusan kilomita 400, wadda ke zagaya duniya cikin kimanin minti 90. Ba fitila gare ta ba, hasken rana take maidowa, don haka ba a ganinta sai bayan magariba ko kafin asuba. Idan kuma ɗigogin suna da yawa a jere kamar carbi, na Starlink ne, wanda aka harba rukuninsa na farko na guda 60 a Mayun 2019. A kwanakin farko bayan harbawa suke tafiya a jere, kafin su warwatsu.

Shi kuwa hasken da ya tsaya cak a yamma bayan faɗuwar rana, ya fi kowane tauraro ƙyalli, yawanci Zara ce, matar wata, wato duniyar Venus. Ita ce kuma Gamzaki idan ta fito da asuba a gabas. Ba ta nisa da rana, shi ya sa ba a ganinta a tsakar sama da tsakar dare. Haka tauraron Sirius, wanda malamai ke kira Shi'ira, idan yana ƙasa-ƙasa a gabas da farkon dare a watannin hunturu, yakan riƙa canza launi, ja, kore, shuɗi. Motsin iska ne ke karkatar da haskensa. Idan aka jawo shi da kyamarar waya, sai ya koma wani faifai mai rawa, kuma yawancin bidiyon da ke yawo daga nan suke samo siffarsu.

Abin da ya keɓanta da Kwatano

Mai kallon sama daga Zongo ko Ganhi yana da ƙarin abubuwa biyu da zai fara cirewa. Filin jirgin sama na Cadjèhoun cikin gari yake. Jirgin da ya nufo mutum kai tsaye da fitilun sauka a kunne yakan zama kamar ya tsaya wuri guda na wasu mintoci, sai ya karkata sannan a ga jar fitila da koriya a fikafikansa, da wata mai ƙyaftawa. A kudu kuma akwai teku, inda jiragen ruwa ke jiran shiga tashar jiragen ruwa. A daren hazo, idan layin da ya raba ruwa da sama ya ɓace, fitilunsu sukan yi kamar suna rataye a sarari. Ƙananan jirage marasa matuƙi da masu ɗaukar hoton biki ke amfani da su kuwa, suna tsayawa, su juya, su koma baya, abin da dutse ko tauraron ɗan'adam ba ya yi.

Idan har dutse ya faɗo

Dutsen sama yana da daraja ta ilimi da ta kuɗi. Ranar 3 ga Oktoban 1962, wani mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, cikin ƙasar Katsina. Daga baya bincike ya tabbatar cewa daga duniyar Mars ya taso. A Nuwamban 2023 an tsinci wani na Mars ɗin a jihar Agadez ta Nijar, mai nauyin fiye da kilo 24. A Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin New York kan dala miliyan 5.3, lamarin da ya sa gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka fitar da shi daga ƙasar.

Irin wannan farashi yana jawo 'yan damfara. Dutsen sama sabon faɗowa yana da siririn ɓawo baƙi, kuma maganaɗisu yana kama yawancinsu. To amma tama da kashin maƙera ma suna da nauyi da duhu, wasu har maganaɗisu ke kama su. Gwajin masana duwatsu a jami'a ne kaɗai ke raba gardama. Wanda ya tsinci abin da yake zargi, gara kada ya farfasa shi ko ya wanke shi, ya ɗauki hotonsa a inda ya same shi. Idan kuwa ƙarfe ne mai kama da tanki ko bututu, kada a taɓa, domin yana iya ɗauke da ragowar mai mai guba. A sanar da hukuma.

Wanda ya ga haske a sama, kafin ya tura wa kowa, ya duba agogo ya rubuta lokacin. Ya lura daga ina hasken ya fito kuma ina ya nufa, ko da da alƙibla ko hasumiyar masallaci zai kwatanta. Ya ƙirga daƙiƙoƙin da ya ɗauka, sannan ya saurara na minti biyar ko zai ji ƙara. Irin wannan bayani ne aka samu daga bakin mutanen Haɗeja a 2002, kuma shi ne ke rubuce har yau a kundin masana, tare da sunan Kilabo.