Bayani a kan babin jini: hukuncin wanda ya kashe ma'aikacin hukuma

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ka sani, ya kai ɗalibi, Allah ya datar da mu da kai, mai wannan littafi ya haɗa kisan kai da tare hanya a babi guda, bai ware wa sarki ko alƙali ko dogari babi nasu ba. Almajiraina a nan Sassumbrum sukan tambaye ni dalili, ganin cewa hanyoyinmu na Magarya da Dungas cike suke da jandarma da ma'aikatan duwan. Amsar ita ce: a mazhabar Imamu Malik, sarauta ba ta ƙara wa jini nauyi. Abin da ke sauya hukunci shi ne yadda aka yi kisan.

Mas'ala ta farko, kisan ganganci. Hukuncinsa ƙisasi ne, kamar yadda ya zo a Baƙara, aya ta 178. Haƙƙin na waliyyan mamaci ne: in sun so a kashe, in sun so su yafe ko su yi sulhu a kan diyya. Diyya raƙumi 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Wanda aka yafe wa, a wurinmu ana yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara guda, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala.

Mas'ala ta biyu, hiraba, wato fita da makami a tsorata masu bin hanya inda agaji ke da wuya. Hukuncinta na cikin Ma'ida, aya ta 33. Idan ɗan fashi ya kashe rai, kashe shi wajibi ne, kuma yafiyar waliyyai ba ta da tasiri, domin haƙƙin ya zama na Allah da na jama'a. Mai tsaron baya da mai harbi hukuncinsu ɗaya. In ya tuba kafin a kama shi, haddi ya faɗi, amma haƙƙin jini na nan.

Dubi abin da ya auku a Kano ran 19 ga Janairu 2013. 'Yan bindiga suka buɗe wa ayarin Sarki Ado Bayero wuta. Sarki ya tsira, direbansa da wasu dogaransa suka rasu. Jama'a suka yi ta maganar Sarki, amma a gaban alƙali jinin direban shi ne ƙarar, kuma da Sarkin ne ya rasu ba za a ƙara ko raƙumi ɗaya a diyya ba.

Mas'ala ta uku, tarayya da umurni. Ana kashe jama'a saboda mutum ɗaya in sun haɗa baki, bisa hukuncin Sayyidina Umar game da mutanen San'a'a. Wanda ya tilasta da wanda aka tilasta, duka ana yi musu ƙisasi. Saboda haka cewar soja "umurni aka ba ni" ba ta wanke hannunsa.

A nan ƙasarmu, ran 9 ga Afrilu 1999, masu tsaron Shugaba Ibrahim Bare Mainasara suka harbe shi a filin jirgin saman Yamai. Tsarin mulkin da aka yi a shekarar ya ba da afuwa ga masu juyin mulkin. Ni dai abin da na karanta a gaban malamaina shi ne, shugaba ba ya yafe jinin da ba nasa ba. Yafiya ta waliyyai ce. Iyalin sun ci gaba da neman haƙƙinsu, har kotun CEDEAO ta hukunta a 2015 cewa gwamnatin Nijar ta biya su.

Faɗakarwa: duk waɗannan hukunce-hukunce sai a hannun hukuma, bayan shaidu biyu adilai, ko iƙrari, ko rantsuwa 50 ta ƙasama. Mutanen gari da suka kama ɓarawo suka kashe shi da sanduna sun buɗe wa kansu wannan babin ne, tun daga mas'alarsa ta farko. Wallahu a'alamu.