Yadda Fata Ke Jin Jijjiga

Bahaushe yakan ce ya ji kiɗa, ya ji sanyi, ya ji kaushin abu, duk da kalma guda. Wannan haɗi da harshe ya yi yana da tushe a halittar jiki, domin sauti jijjiga ce, kuma fata ma tana kama jijjiga. Wanda ya tsaya kusa da tambura a ƙofar fadar Sarkin Musulmi yakan ji bugunsu a ƙirjinsa kamar yadda yake ji a kunne.

A ƙarƙashin fata akwai wasu ƙwayoyi iri biyu masu wannan aiki. Na farko suna kusa da saman fata, musamman a kan yatsu, kuma Meissner da Wagner, mutanen Jamus, suka bayyana su a 1852. Su ne ke kama motsi mai sauƙi, watau kamar kaɗawa 10 zuwa 50 a sakan guda. Na biyu suna can ciki, ana kiransu da sunan Pacini, masani ɗan Italiya. Tsawon kowace kamar milimita ɗaya ne, ɓawo bisa ɓawo kamar albasa, da jijiya a tsakiya. Idan dannawa ta tsaya cik, ɓawon yakan shanye ta, amma in ta riƙa sauyawa da sauri, sai ta kai ga jijiya, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Sun fi kama kaɗawa wajen 250 a sakan.

Da waɗannan ne baduku ke shafa fatar jar akuya ya san kyawun jima, domin yatsa na tafiya, fatarsa na kaɗawa gwargwadon kaushin abin. Haka nan maƙerin Maƙera Assada yakan ji saukar guduma a tafin hannunsa. A 2010 Ardem Patapoutian da abokan aikinsa a Amurka suka gano ƙofofin da ke mayar da dannawa saƙon lantarki, aka ba shi kyautar Nobel a 2021.

Amfanin wannan sani bai tsaya a aji ba. Ciwon suga yakan lalata jijiyoyin ƙafa, kuma jin jijjiga yana cikin abubuwan da ke fara dusashewa. Saboda haka likita kan ɗora ƙarfe mai kaɗawa 128 a sakan bisa babban yatsan ƙafa. Wanda bai ji ba, ƙaya na iya sukarsa bai sani ba har gyambo ya kama. Gwaji da wuri yakan ceci ƙafa.