Yadda Ake Ɗauko Wasiƙar Imel

Kowa ya san gidan waya. Idan an aiko wa mutum wasiƙa, a can take sauka. Sai a sa ta cikin akwatinsa, shi kuma ya zo da mabuɗi ya ɗauka. To, haka imel yake, wato wasiƙar da ake aikawa ta intanet. Kamfanin da ya ba ka adireshi yana da wata babbar kwamfuta wadda ba a kashe ta dare da rana. Ana ce mata saba. A cikinta wasiƙunka suke sauka. Kalmar sirrinka ita ce mabuɗi.

Akwai hanya uku ta ɗauko su.

Ta farko sunanta POP. An fito da ita a 1984, aka yi ta gyara har aka sami POP3 a 1988. Aikinta kamar na ɗan aike ne. Takan je saba ta kwaso wasiƙu duka, ta zuba su cikin kwamfutarka, ta bar akwatin fayau. Amfaninta shi ne kana iya karanta su ko babu intanet. Amma akwai haɗari. Idan kwamfutar ta lalace, ko ɓarawo ya ɗauke ta, wasiƙun sun tafi ke nan. Maganin wannan shi ne ka umurci manhajarka ta riƙa barin kwafi a saba.

Ta biyu ita ce IMAP. Wani Ba'amurke, Mark Crispin, shi ya ƙago ta a Jami'ar Stanford a 1986. A nan wasiƙu suna zaune a saba, kai kuwa leƙawa kake yi. Idan ka karanta wasiƙa a waya, kwamfutarka ma za ta nuna an karanta. Ko wayar ta faɗa rijiya, ba ka yi hasarar wasiƙa ko ɗaya ba. Sai dai a lura da kyau: akwatin ɗaya ne. Abin da ka share a waya, ka share shi ko'ina. Kuma wurin da kamfani ya ba ka yana da iyaka. In ya cika, sababbin wasiƙu ba za su shiga ba.

Ta uku, mutum ya buɗe shafin kamfanin a intanet ya karanta a can. Hotmail ta bazu da wannan hanya daga 1996, Gmail ta biyo a 2004. Tana da kyau ga matafiyi. Amma in kwamfutar aro ce, ka tabbata ka fita daga akwatinka kafin ka tashi.

Wacce za ka zaɓa? Mai waya da kwamfuta, IMAP ta fi masa. Mai kwamfuta ɗaya a inda intanet ke yawan yankewa, POP za ta ishe shi, muddin ya bar kwafi. Takardar ɗaukar aiki ko rasidin ciniki ba abin wasa ba ne. Kafin ka share, ko ka sayar da wayarka, ka san inda wasiƙarka take kwana. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Mene ne saba?
2. Wace hanya ce take kwashe wasiƙu daga saba?
3. Me zai faru idan ka share wasiƙa ta IMAP?