'Yan Gudun Hijirar Yukren: Wa Ke Tallafa Wa Mai Masauki?

Mai sauraro, kai da ke zaune a bakin iyaka ka san ranar da baƙi ke kwararowa ba shiri, goyo a baya, ƙunshi a ka. A shirinmu na wannan mako mun leƙa Turai ne, mu ga yadda mutanen gari suka karɓi 'yan Yukren, da abin da ya biyo baya da zaman ya yi tsawo.

Ranar 24 ga Fabrairun 2022 sojojin Rasha suka afka wa Yukren. Kafin mako biyu su cika, sama da mutum miliyan ɗaya sun tsallaka Polan, maƙwabciyarta ta yamma. Hukumar Yukren ta hana maza masu shekara 18 zuwa 60 fita, don haka kusan duk masu zuwa mata ne da yara da tsofaffi. Ga shi lokacin tsananin sanyi ne, wasu sun kwana a layi a mashigar Medika kafin su haye.

To, su wa suka fara tarbarsu? Mutanen gari. A Przemysl, garin da bai wuce mutum dubu 60 ba, tashar jirgin ƙasa ta koma wurin rabon miya mai zafi da barguna. Iyaye mata suka ajiye kekunan tura jarirai a bakin tasha don wadda ta sauko da jinjiri ta ɗauka. Masu motoci suka tsaya da kwalaye a hannu, kowa ya rubuta garin da zai kai mutum kyauta. Ba a kafa manyan sansanonin tanti ba, yawancin baƙin cikin gidajen mutane suka shiga. Haka a Moldoba, ƙaramar ƙasa kuma cikin mafi talauci a Turai, iyalai ne suka ɗauki mafi yawan nauyin.

Amma ka san halin baƙunta. Makon farko kowa na murna. Wata uku, wata shida, buhun hatsi na ƙarewa da wuri, ɗaki ya yi kaɗan, yaran baƙo da na gida sun fara faɗa, kuma ba wanda ya san ranar da yaƙi zai ƙare. A nan ne hukumomi suka gane cewa in ba a riƙe mai gida ba, baƙo zai koma titi.

Matakin farko takarda ce. Ranar 4 ga Maris 2022 Tarayyar Turai ta yi aiki da wata doka tata ta 2001 wadda ba a taɓa amfani da ita ba: ɗan Yukren na iya zama, ya yi aiki, ya je asibiti, ya sa yaransa makaranta, ba sai ya jira shekaru ana duba takardunsa ba. Kar ka raina wannan. Matar da ta samu izinin aiki a watan farko, ita ce ke sayen nata cefane a wata na uku, mai gida ya numfasa.

Na biyu kuɗi ne, kuma a hannun mai masauki aka sa shi. Polan ta riƙa biyan zuloti 40 a rana kan kowane baƙo, wajen jaka biyar da rabi na sefa ke nan a lokacin, da farko na kwana 60, daga baya aka kai shi 120. Birtaniya ta buɗe nata tsarin a tsakiyar Maris: ka yi alkawarin ba da ɗaki na wata shida aƙalla, a ba ka fam 350 duk wata a matsayin na gode, kusan jaka 270. Sama da mutum dubu 100 suka rubuta suna a ranar farko. Ƙaramar hukuma kuma ta samu fam 10,500 kan kowane baƙo, don ta duba gida, ta binciki halin mai gida, ta shirya koyar da harshe.

Binciken nan ba wasa ba ne. Duk inda mata da yara suka taru ba mazajensu, kuraye na zagaye. An yi ta gargaɗi a kan masu fataucin mutane da ke fakewa da taimako, har masu aikin sa kai suka fara rubuta sunan direba da lambar motarsa kafin a bar mace ta shiga. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta roƙi Birtaniya kar a riƙa haɗa mace ita kaɗai da namiji gwauro.

Abin da kuɗi bai iya saye ba, maƙwabta suka yi. A ƙauyuka da unguwanni masu masauki suka riƙa haɗuwa a coci ko zauren gari, wannan ya kai yara makaranta, wancan ya raka mutum asibiti, wata ta nemo mai tafinta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk da haka, da wata shida ya cika, kuɗin wuta da gas ya hau, wasu suka ce sun gaji, dubban iyalai a Ingila suka je hukuma ba su da wurin kwana. Shi ya sa aka ɗaga kuɗin zuwa fam 500 ga mai riƙe da baƙon da ya wuce shekara.

Ba za mu rufe ido a kan wani abu ba: a kwanakin farko ɗalibai 'yan Afirka, har da 'yan Najeriya, sun koka cewa ana tura su baya a jirage da bakin iyaka, har Tarayyar Afirka ta fito ta yi tir. Ƙofar ba ta buɗe wa kowa daidai ba.

Mu a nan labarin ba baƙo ba ne. A Diffa yawancin waɗanda suka gudo daga Borno ba sansani suka zauna ba, cikin jama'a suka sauka. A 2019 ƙauyukan yankin Gidan Rumji a jihar Maraɗi sun karɓi dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, rijiya ɗaya, rumbu ɗaya, kuma ba mai biyan mai gida jaka biyar a rana. Shi ya sa idan ma'aikatan agaji suka zo rubuta sunayen baƙi, mai gari ya kamata ya nemi a rubuta gidajen da suka sauke su, a kuma sa rijiya da ɗakin magani inda kowa zai amfana.

Kai ɗan kasuwa, ga wani abin lura. A Nuwamban 2023 direbobin manyan motocin Polan suka tare mashigai da dama, suna cewa an sakar wa direbobin Yukren hanya sun karya musu farashi, manoma kuma na kukan hatsin Yukren mai araha. Motoci suka yi kwanaki a layi, a kan iyakar nan da aka raba miya da barguna. A Yulin 2024 kuma gwamnatin Polan ta daina biyan masu masauki zuloti 40 ɗin.