Maganin gargajiya a gabashin Sakkwato: Abin da majinyata ke ɓoye wa malaman jinya

A ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo, kafin majinyaci ya isa asibiti sau da yawa ya riga ya bi ta hannun mai saiwa, ko wanzami, ko maɗori. Amma idan malamar jinya ta tambayi abin da ya sha a gida, da yawa kan ce ba komai, don gudun faɗa.

Mutanen yankin ba sa kallon wannan magani a matsayin jahilci. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magunguna, ciki har da na basir da ciwon ido. Ga shi mai magani yana kusa, yana ɗaga ƙafa idan babu kuɗi, a lokacin da 'yan bindiga suka sa tafiya gari ta zama kasada.

Su ma malaman jinyar a irin waɗannan gidaje suka tashi, kuma wasunsu ba sa rabuwa da zuma da habbatus sauda. Sai dai su ke karɓar ɓarnar: karayar da aka ɗaure tam har jini ya daina gudu, da jaririn da ke zubar da jini bayan cire beli. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan shan kunun kanwa da wankan jego mai zafi da ciwon zuciyar masu jego.

Cutar noma, mai cin fuskar yara, ta nuna wata mafita. Daga kumburin dasashi take farawa, kuma magungunan kashe ƙwayoyin cuta na tsayar da ita idan an zo da wuri; idan aka bar ta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe kusan tara cikin goma. Ƙungiyar likitoci ta MSF, da ke tallafa wa asibitin noma na Sakkwato tun 2014, ta zaɓi jawo masu maganin gargajiya a jiki, domin su gane alamun cutar su tura yara da wuri.

Darasin ya shafi kowane ƙaramin asibiti. Malamar jinyar da ta tambaya cikin lalama ita ake faɗa wa gaskiya, kuma da wannan gaskiyar ake sanin maganin da ya dace a bai wa majinyaci.