Abin Da Ke Karya Ƙananan Bankuna

A ƙarshen shekarar 2005 ne Babban Bankin Nijeriya ya fito da tsarin ƙananan bankunan ba da rance, domin mai ƙosai da maƙeri da ƙaramin manomi su sami wurin ajiya da jari, tun da manyan bankuna ba su kula da irinsu. Aka umurci bankunan al'umma, waɗanda aka fara kafawa a 1990, su koma bisa wannan tsari.

Ba a cika shekara biyar ba, a watan Satumba na 2010, Babban Banki ya soke lasin guda 224 daga cikinsu. Da yawa rancen da suka bayar ya maƙale, har ya cinye jarinsu.

Waɗansu su kan ɗora laifin a kan talaka, wai ba ya biyan bashi. Mu dai ba mu yarda ba. Matan da suka shekara suna zubin adashi ba tare da takarda ba sun san nauyin alkawari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagewar kuwa daga sama ta kan faro.

Ga yadda abin ya ke. Kowane banki yana da majalisar darektoci, aikinta ta naɗa manaja, ta tsara ƙa'idar ba da rance, sa'an nan ta bincike shi. To, idan darekta ya ranci kuɗin jama'a ya ƙi biya, da wane baki zai tsawata wa manaja? Idan kuma mai binciken littattafai yaron manaja ne, wa zai tona ɓarna? Nan da nan riba ta kan zama ta takarda kawai, ranar da masu ajiya suka taru akwati ba kome.

Saboda haka muna jan hankalin malamai da akawuna, ku da jama'a ke neman shawararku. Kafin ku ce wa mutum ya kai kuɗinsa, ku tambaya: su wane ne darektoci? Shugaban majalisa dabam ne da manaja? Mai bincike na waje ya duba lissafin bara? Hukumar inshorar ajiya, watau NDIC, ta tsaya wa bankin? Ko ta tsaya, abin da ta kan biya yana da iyaka, kuma sai an jira.

Dukiyar talaka amana ce. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe ta.